Filin Manoma: Rainon Furen Lili A Tukunya

Sau da yawa akan ga malamin ofis ko ɗan kasuwa na wajen Dambatta ko Bichi ya dawo daga Kano ɗauke da tukunyar fure a bayan babur, watau irin furen nan mai baki kamar kakaki wanda Turawa ke kira lili. Ya biya kuɗi masu kauri, ya kawo gida ya girke a tsakar gida inda kowa zai gani, ya sa yaro ya riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Kafin mako biyu fure ya kaɗe. Kafin wata guda ganye ya yi rawaya ya kwanta. Da aka tona sai aka tarar gindin ya ruɓe, yana wari kamar albasar da damina ta tarar a ɗaki. Daga nan sai maigida ya yanke hukunci, ya ce wai ƙasar nan ba ta karɓar fure.

Ƙasa ba ta da laifi ko kaɗan. Kuskure biyu aka yi. Na fari, mutumin bai san irin da ya saya ba. Na biyu, yawan ruwa ne ya kashe shi, ba ƙishirwa ba.

A karkarar arewacin Kano tukunya ita ce lambun mai son fure, domin babu filin banza. Daga bakin danga gero ne da dawa, da wake da gyaɗa a tsakaninsu, gona na jingine da gona har gari na gaba. Da an gama girbi kuwa sai a saki awaki, ba sa barin kome kore a waje. Ruwa ma sai an ja daga rijiya ko an saya wurin 'yan garuwa. Saboda haka abin da za a raina a cikin gida, da ruwa ɗan kaɗan, shi ne ya dace da wurin.

IRIN DA YA KAMATA A FARA DA SHI

Sunan lili ya haɗa tsire-tsire da yawa waɗanda ba danginsu ɗaya ba. Har bado na kududdufi Turawa na sa shi cikin lissafi, amma shi ba na tukunya ba ne, ba kuwa shi ake nufi a nan ba.

Lili na ainihi ɗan ƙasashen sanyi ne, kamar Turai da Sin da Japan da Amurka ta Arewa. Gindinsa ɓare-ɓare ne kamar tafarnuwa, ba shi da ɓawon da zai tsare shi daga bushewa. Yawancinsa ba ya sake fure sai ya sha sanyi sosai. Farin nan mai ƙamshi wanda aka fi sayarwa, asalinsa tsibiran kudancin Japan ne, kuma masu nomansa sukan ajiye gindin mako shida cikin sanyin digiri 4 zuwa 7 kafin ya yarda ya yi fure. To, a Kano ko a tsakiyar ɗari na watan Janairu sanyin dare bai cika sauka ƙasa da digiri 12 ko 13 ba, a watan Afrilu kuwa zafin rana yakan wuce 40. Ko a Jos, wadda ke bisa tudu na kimanin mita 1,200, sai da dabara. Wanda ya sayi wannan iri yana cikin fure, ya sani cewa furen da ya gani shi ya saya. Ya more shi mako biyu ko uku a inuwa, kada ya sa rai da baɗi.

Mai koyo ya fara da na gida. Akwai su uku, kuma duk wanda ya taɓa kiwo yana yaro ya san su, ko da bai taɓa ɗaukarsu abin ado ba. Likita Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya rubuta sunayensu cikin littafinsa na sunayen tsire-tsire da Hausa tun 1916.

Ta farko ita ce albasar kwaɗi, wadda ke fitowa a bakin fadama da wuraren da ruwa ke kwanciya da damina. Furenta manya ne, farare, da jan zane a tsakiyar kowane kunne. Masana na kiran danginta Kirinum. Ita ce ta fi duka haƙuri da kuskuren mai koyo, ita ce kuma ya kamata a fara saya ko a roƙa. Na biyu hatsin manoma, mai farin fure siriri mai ƙamshi, wanda ke ɓullowa bayan ruwan fari. Da yamma yake buɗewa, ba ya daɗewa, amma ƙamshinsa yakan cika tsakar gida. Na uku baurairai, wanda wasu ke kira gatarin kurege saboda siffar saiwarsa. Shi mai hawa ne, yana kama abin da ke kusa da shi da bakin ganyensa, furensa rawaya da ja kamar harshen wuta. Shi ne furen ƙasar Zimbabuwe, kuma a Turai da tsada ake sayen saiwarsa, alhali a nan a gindin danga yake fitowa ba mai kula shi.

Akwai baƙo ɗaya da ya zama ɗan gari, shi ne amarilis, mai jan fure ko ruwan goro. Daga Amurka ta Kudu aka kawo shi, ba ya bukatar sanyi, kuma da rani yake fure lokacin da kome ya bushe. Masu sayar da furanni a bakin titi a Kano sukan same shi. In mai saye bai iya bambance shi da lili na ainihi ba, sai ya ɗan kau da ƙasar saman tukunya da yatsa. In ya ga dunƙulen kai mai ɓawo kamar albasar miya, ya saya. In ya ga ɓare-ɓare kamar tafarnuwa, ya yi tunani tukuna.

Wani abin lura, na daji suna raguwa, gama fadamun da suke fitowa duk an mai da su garake da gonakin shinkafa. Wanda ya sami gungu a bakin fadama ya ɗebi 'ya'ya biyu ko uku daga gefe, ya bar uwar a wurinta, ya kuma nemi izinin mai gona.

GINDIN RUMBU NE

Duk ilmin rainon waɗannan furanni a kan abu ɗaya ya tsaya. Albasar da ke gindinsu rumbu ce. Da damina ganye yana shan rana, yana yin abinci, yana zubawa cikin rumbun. Da rani tsiron ya yi barci, yana riƙe da abin da ya tara. Da lokacinsa ya yi, daga cikin rumbun nan furen ke fitowa. Furen bana abincin bara ne. Saboda haka wanda ya yanke ganye yana kore, ya hana a cika rumbu. Wanda kuma ya yi ta kwarara ruwa lokacin barci, kamar wanda ya zuba ruwa cikin rumbun hatsi ne, abin da zai samu ruɓa ce.

Masu noman albasa a bakin madatsar Tomas da ta Watari sun riga sun san rabin wannan karatu. Ba mai yanke lawashi albasa tana tsakiyar ƙosawa, ba kuma mai ci gaba da ban ruwa bayan lawashi ya kwanta. Abin mamaki shi ne, mutumin da ba zai yi wa albasar miya haka ba, da ya sami ta fure sai tausayi ya kama shi, ya yi ta shayar da ita har ta mutu.

TUKUNYA DA ƘASA

Tukunyar ƙasa ta fi kowace. Tana shan iska, tana fid da ruwan da ya yi yawa ta jikinta, tana kuma sanyaya saiwa kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Baƙin bokitin roba da gwangwani suna ɗaukar zafi, a watan Afrilu sukan dafa saiwa tsaf. In babu sai su, a sa su cikin wata tsohuwar tukunya, ko a naɗe su da buhun algarara.

Lalle ne tukunya ta kasance da rami a gindi, wanda babban yatsa zai shiga. Huda gasasshiyar tukunya yakan fasa ta, don haka ya fi kyau a yi magana da mai ginin tukwane ya huda tun tana ɗanya. A kasuwar Dambatta ran Lahadi ana iya yin wannan ciniki, a karɓa a kasuwa ta gaba ko ta bayanta. Tsohuwar randa mai yoyo, wadda matan gida suka jingine a bayan ɗaki, ita ma ta yi, in an faɗaɗa tsagar gindinta a hankali. A da akan koyar da cewa a cika gindin tukunya da tsakuwa don ruwa ya wuce. Yanzu an gane ba ya ƙara kome, sai ma ya rage wa saiwa wuri ya tsai da laima kusa da albasar. Katanga ɗaya a kife bisa ramin ta isa.

Girman tukunya ya danganta ga iri. Albasar kwaɗi tana da manyan saiwoyi, tana son tukunya mai faɗin ƙafa ɗaya ko fiye, zurfinta ma haka. Amarilis kuwa matsi yake so, inci ɗaya ko biyu tsakaninsa da bakin tukunya. In aka sa ƙaramar albasa cikin ƙatuwar tukunya, ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba sai ta zauna jiƙe kwana da kwanaki.

Ga yadda za a haɗa ƙasa: kwano biyu na ƙasar jigawa, kwano ɗaya na takin gida wanda ya shekara ya ruɓe har ya zama gari, da kwano ɗaya na ƙasar gindin gawo. Kowane manomi ya san yadda gero ke yi a gindin gawo, domin da damina yake zub da ganyensa, dabbobi kuma a nan suke hutawa da rani. A ƙara ɗan dakakken gawayi tafi ɗaya. Kada a yi amfani da lakar fadama, ko da an ga albasar kwaɗi a cikinta take fitowa. A fili ruwa yana da inda zai bi, a tukunya kuwa laka in ta jiƙe ta zama kunu, in ta bushe ta zama tubali. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara da gwazarma. Takin sharar birni, in da shi za a yi, sai an tankaɗe an fid da leda da kwalba da tsofaffin batura.

Wajen dasawa, albasar kwaɗi a bar wuyanta a waje. Amarilis a bar kashi ɗaya cikin uku na kansa a sarari. Hatsin manoma a rufe shi da ƙasa kamar inci biyu ko uku. Baurairai shi ne mai wuyar sha'ani: a kwance ake ajiye saiwarsa, a zurfin inci biyu, kuma idonsa a can ƙarshen saiwar yake. Tana da gautsi ƙwarai, in idon ya karye an yi hasarar wannan reshe ke nan. A kafa masa karan dawa ko sanda tun ran dashe, gama in aka bari sai ya fito sa'an nan a soka, ana iya soke saiwar. Lokacin dasa na gida ukun nan shi ne watan Mayu, gab da faɗuwar damina.

WURI DA RUWA

A ɗora tukunya bisa duwatsu uku ko bulo, don ruwa ya sami hanyar fita, gara kuma kada ta shiga ta ramin. A ajiye ta gabas da ɗaki ko a gefen inuwar bishiya, inda za ta sha hantsi, rana ta juya ta bar ta kafin azahar. Inuwa tsantsa tana ba da dogon ganye ba fure. Kada a kuskura a sa ta ƙarƙashin indararo. Ruwan dare ɗaya na watan Agusta ya isa ya wanke ƙasar ya bar albasa tsirara. In marka ta zauna kwana biyu ko uku, a janye tukunya zuwa rumfa.

Ban ruwa ba shi da ƙa'idar safe da yamma. Yatsa ne ma'auni. A soka shi cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, in an ji laima a bari sai gobe, in an ji bushewa a zuba har ruwa ya ɗigo ta ƙasa. A gefe ake zubawa, ba a cikin wuyan albasar ba. Bayan dashe a ba da ruwa sau ɗaya, sa'an nan a dakata sai an ga tsiro ya leƙo, domin albasar da ba ta yi saiwa ba ba ta iya shan ruwan da aka ba ta. Da tsakiyar damina sau da yawa ruwan sama ya wadatar. Ruwan alwala, in an tara shi a kwano, ya ishi tukunya biyu ko uku ba tare da an ƙara jan guga ba. Amma ruwan wanki mai sabulu ko omo, da ruwan wanke-wanke mai gishiri da mai, ba su da wuri a tukunyar fure.

Game da takin zamani, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na kamfa, watau mai lamba 15-15-15, ya ishi babbar tukunya wata guda. A barbaɗa a bakin tukunya nesa da albasar, a bi da ruwa. Wannan kuwa sai lokacin da ganye ke kore. Yuriya tana sa ganye ya yi yabanya, ta bar albasa da taushi, mai saurin ruɓa. Gara a bar ta ga masara.

BAYAN FURE

A nan ne yawancin masu koyo ke faɗuwa. Da fure ya bushe sai su ga aiki ya ƙare, ko dai su aske ganyen don tsabta, ko su manta da tukunyar a bayan ɗaki. Alhali a lokacin ne aikin baɗi ke farawa. A yanke karan furen kaɗai, kusa da gindi, don kada ƙarfi ya tafi wajen yin iri. A bar ganye, a ci gaba da ruwa da taki har ya yi rawaya don kansa.

Daga watan Oktoba, da damina ta ɗauke, a fara rage ruwa. Hatsin manoma da baurairai za su bushe ƙurmus, kamar sun mutu. Ba su mutu ba. A kai tukunyarsu inuwa mai iska, a bar ta a bushe har watan Mayu, a kuma gaya wa yara kada su juye ta. Albasar kwaɗi takan riƙe ɗan ganye a tukunya, ita kam a ɗan yayyafa mata sau ɗaya a mako biyu, don kada manyan saiwoyinta su ƙeƙashe. Amarilis a hana shi ruwa mako takwas zuwa goma, misali daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, sa'an nan a kankare ƙasar sama a sa sabuwa, a ba shi ruwa. Cikin mako shida zuwa takwas yakan fid da kara, wani lokaci tun kafin ganye.

Albasar kwaɗi ba ta son a riƙa tayar da ita. In aka canja mata tukunya takan yi fushi ta ƙi fure shekara guda, don haka wanda ya dasa bana bai ga kome ba kada ya tona don dubawa. Sai bayan shekara uku ko huɗu, in 'ya'ya sun cika tukunya, a juye a raba su da hannu ko da wuƙa mai tsabta, a shafa toka a wurin yankan, a bari ya sha iska kwana ɗaya kafin a dasa. 'Ya'yan sukan yi fure cikin shekara biyu ko uku. Ta wannan hanya ɗan kasuwa mai haƙuri zai iya mai da tukunya ɗaya ta zama goma, ya kai wa makarantu da ofisoshi da masaukan baƙi. Irinta kuma manya ne masu ruwa, ba sa ajiyuwa. A ɗora su bisa ƙasa mai laima da zarar sun faɗo, ba sai an binne ba, amma furensu yana daɗewa fiye da na 'ya'ya.

Babbar abokiyar gabarsu wata tsutsa ce baƙa mai ɗigon fari da rawaya, 'yar wani malam-buɗe-littafi mai tashi da dare. Tana shiga cikin ganye tana ci tana gangarowa, in aka ƙyale ta har cikin albasar za ta kai. A duba bayan ganye sau biyu a mako da damina, a murtsuke ƙwai, a yanke ganyen da ta shiga a ƙone. Ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya da ya kwana a jiƙe, in an tace an yayyafa da yamma, yana rage ta. Jan tabo a ganye ko a kara cuta ce ta yawan laima, maganinta a cire abin da ya kamu a rage ruwa. Kaji kuwa, a jera tsakuwa a saman ƙasar sai su daina tono.

GUBA

Wannan bayani ya fi duk na sama nauyi. Dukan furannin nan da aka ambata suna da guba. Albasar kwaɗi da hatsin manoma da amarilis suna sa amai da zawo ga mutum da dabba, kuma kamarsu da albasar miya ita ce haɗarin. Kada a taɓa ajiye busasshen kansu a madafa ko cikin kwandon da ake zuba kayan miya.

Baurairai ya fi su duka mugunta. A saiwarsa da irinsa akwai wani sinadari, kolcisin, wanda likitoci ke ba da ɗan mitsitsinsa a auna don wani ciwon gaɓoɓi, har a kudancin Indiya ana nomansa gona-gona saboda haka. Amma in mutum ya ci saiwar, tana iya kashe shi. A Indiya da Siri Lanka an sha kai mutane asibiti bayan sun dafa ta bisa zaton doya ce ko dankali, kuma dafuwa ba ta kashe gubar. Alamun sukan fara bayan 'yan sa'o'i, da zafin maƙogwaro da amai da zawo mai tsanani, wani lokaci mutum ya ji kamar ya sami sauƙi sa'an nan abin ya dawo da ƙarfi. Duk wanda ake zaton ya ci, yaro ko babba, a kai shi asibiti nan take ba sai an jira alama ba, a tafi da guntun saiwar don likita ya gani. Kada a tsaya ba shi madara ko manja. Gidan da ke da yara masu rarrafe, ko awakin da ke kwana a tsakar gida, ya haƙura da baurairai tukuna.

Lili na ainihi kuma kyanwa yake kashewa. Ko ƙurar furensa ce ta faɗa a jikinta ta lasa, ƙodarta na iya tsayawa cikin 'yan kwanaki. Ɗan kasuwar da ya ajiye mage a shago don ɓeraye kada ya kawo wannan fure kusa da ita.

Bayan an taɓa albasa ko saiwar kowannensu a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, wuƙar da aka yi yanka da ita kuma a wanke ta kafin a mayar wa uwargida.